Ɗaki Mai Taya Ba Shi da Gabas

Litinin: Funtua

Mun bar ƙofar gida ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, da niyyar hantsi ya same mu a gonar Baba da ke bayan Ƙarfi. Inna ta miƙo mana jarkar fura, ta ce sai mun dawo da yamma. Ni ne a kan sitiyari, don tuƙin a-kori-kura sana'ata ce. Na ɗauki buhu, na ɗauki raguna, na taɓa ɗaukar gadon amarya har da amaryar a kai. Amma ban taɓa jan ɗaki sukutum ba sai ran nan.

Ɗakin na yayana ne, Alhaji Mudi, dillalin masara, mutumin da in ya ga abin da babu irinsa a unguwa ba ya samun barci sai ya mallake shi. Wani kamfanin aikin titi ne ya yi gwanjon tarkacensa, Yaya ya sayo wani dogon akwati fari mai taya huɗu, irin wanda injiniyoyi ke kwana a ciki a bakin aiki. Ƙofarsa na can baya, gadon a ɗaure yake da ƙasa ba ya motsi, sai babbar taga guda ɗaya daidai saitin ƙafar gadon.

Wannan karon dai rigimar Yaya ta yi rana. Damina biyu ke nan Baba yana kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ba ya iya zaman mota. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin kunya da kunya, sai ga shi muna nuna masa gonarsa a waya. Bana ya ce mana, "Ina so in ga masarata a tsaye. Na gaji da ganinta a buhu." Sharaɗinsa ɗaya ne: ba za a sungume shi kamar buhun taki a gaban yaran da ya yi noma da iyayensu ba. Sai muka ga ɗakin nan ya raba gardama. A sa shi ciki tun daga tsakar gida, a ajiye ɗakin a bakin gona, a buɗe taga, ya kalli abinsa, a gaishe shi ta nan kamar yana zaure. Mati, wanda ke kula da gonar, ya riga ya gaya mana 'yan ƙwadago za su fara yanka ran Litinin su gama Laraba, kuma ba za su jira kowa ba, wata gonar na jiransu.

Na huɗunmu shi ne Baffa Malam Habu, ƙanen Baba. Bai taɓa limanci ba, amma bai taɓa bin liman bai same shi da gyara ba.

Ko shataletale ba mu kai ba, Yaya ya ce in karya kan mota zuwa kasuwa. Sai a lokacin na gane dalilin wani faffaɗan kwali da aka jingine a bayan mota.

"Yaya Alhaji, kasuwa kuma da asubar nan?"

"Yo Sale, sai mu kai Baba gona ya kwanta yana kallon rufi? Mutane su ce me? Talabijin na saya masa, saura abin rataye ta."

Masu shago dai ba su san muna sauri ba. Muka yi zaman shayi da burodi a bakin rufaffen shago har rana ta ɗaga, 'yan kallo kuma sun kewaye ɗakin, wasu na cewa asibiti ne, wasu na cewa na 'yan siyasa ne.

Da mai shagon ya buɗe, ya baje mana maratayi iri uku. Akwai mai mannewa da bango ɗaf, akwai mai ɗan sunkuyo da kai, akwai mai dogon hannu da ake jawowa a juya ko'ina. Yaya ya ɗaga wannan, ya jinjina wancan, kamar mai zaɓen ragon layya. Mai sunkuyon ya ce ya yi kama da wanda ya yi laifi. Mai hannun ya burge shi, amma da ya ji kuɗinsa sai ya ce ai rawar kai gare shi. Aka tsaya a kan mai mannewa.

Mai ɗaurawa ya shiga ɗakin ya ƙwanƙwasa bango, ya yi dariya. "Alhaji, wannan ai ba bango ba ne. Gwangwani ne ciki da waje, soso a tsakiya. Sai dai mu huda har waje, mu sa katako, mu ɗaure da dogon noti."

Ya ɗora injin hudawa ke nan Baffa ya riƙe masa hannu. "Tsaya tukuna. Ina gabas?"

Ya fita ya dubi rana, ya dubi masallacin 'yan kasuwa, ya dawo ya yanke hukunci: ba za a rataye akwatin hotuna a bangon da ake fuskanta da salla ba, a kai shi bangon yamma. Kowa ya yaba, har ni. Aka huda rami huɗu, aka ɗaure, talabijin ta zauna das. Baba ya ɗan juyo da kai ya dube ni.

"Sale, an fara yanka?"

"An fara, Baba. Yanzu za mu kama hanya."

Muka yi azahar a Funtua, garin da muka baro tun asuba.

Litinin ɗin dai: Bakori

Jan ɗaki ba wasa ba ne. In na taka wuta ya yi ta kaɗa gindi, in na taka birki ya zo ya gaishe ni ta baya. Haka muka riƙa lallaɓawa, masu kekuna na wuce mu suna yi mana sannu.

A wani shinge aka ɗaga mana hannu. Jami'in ya duba takarduna, ya zagaya ɗakin, ya dawo.

"Direba, na ga na mota. Ina takardun gidan?"

Da ya leƙa ya ga Baba, sai ya rusuna ya yi masa sannu da jiki, ya ce mu wuce. Da ma ya tsaya nan. Sai da ya ƙara da cewa talabijin ɗin ta yi kyau, amma shi tasa ta gida a kan mai hannu take. Na ga maganar ta zauna wa Yaya a wuya.

La'asar ta riske mu a Bakori. Na samu inuwa kusa da gidan mai na ajiye. Baffa ya shiga ya taimaka wa Baba da alwala, sai muka ji salati. Muka ruga a guje, a zatonmu jikin Baba ne. Muka tarar da Baffa a tsaye yana nuna talabijin da yatsa. Ga ta nan ɗoɗar a gabas, ko mai gina masallaci bai isa ya saita haka ba.

"Ni da kaina na auna! Yamma na ce a sa ta!"

"Baffa, yamma aka sa ta. Ɗakin ne ke da taya. Bari in juya motar, ko mu yafa mata bargo."

"Ka juya yau, gobe fa? Ba a yin addini da ribas."

Shi kuwa Yaya ya ce talabijin mai wannan tsada ba za a lulluɓe ta kamar kwanon tuwo ba. Sai fuskarsa ta washe. Ai mai hannu ne maganin abin: in gabas ta zo ta nan, a tura ta can. Abin nema ya samu. Nan take ya tare ɗan acaɓa, ya aika shi Funtua ya canzo maratayi. Muna wannan taƙaddama, Baba ya rufe ido ya yi sallarsa a kwance, har ya shafa addu'a.

Kafin ɗan acaɓa ya dawo kafintoci sun tashi. Muka sauka a gidan wani abokin cinikin Yaya, aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, man shanu na yawo a kai. Baba ya ci loma uku ya ce ta bara ce.

Talata: tsakanin Bakori da Malumfashi

Da safe muka tarar ruwan ƙarshen damina ya zuba, ya kuma gano ramukanmu huɗu inda aka kwance maratayin farko. Hular Baffa da ya ajiye a ƙarƙashinsu ta sha ta ƙoshi. Muka toshe su da sabulu da leda.

Kafinta ya zo ya huda sababbi huɗu a ɗaya bangon. Da aka ɗora mai hannu, Yaya ya tara jama'a yana gwadawa: ya jawo ta gaba, ya mayar, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Wani tsoho ya ce lallai boko ya yi nisa. Sai da kowa ya taɓa sannan muka tashi, rana ta take tsaka. Baffa ya zauna a ɗaki wurin Baba, Yaya yana gaba kusa da ni yana ba ni labarin yadda ake zaɓen kaya masu inganci.

Abin da mai shago bai faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba, shi ne hannun nan don bangon da ke zaune wuri ɗaya aka yi shi. Ba shi da sakata, ba shi da abin kullewa. Ramin farko da na faɗa na ji ƙara, na ce kayan abinci ne. A na biyu na duba madubi, sai ga hannun Baffa ta taga yana kaɗa jiƙaƙƙiyar hularsa.

Muka tarar talabijin na lilo kamar ƙyauren da iska ta samu, goshin Baffa kuma ya yi ƙulu kamar ƙwan zabo.

"Ta biyo ni! Na matsa nan ta biyo ni, na koma can ta riga ni!"

Na yanko robar tsohon tiyub na ɗaure ta da bango tamau, irin ɗaurin da nake wa buhu. Ɗaurin bai kwance ba, gaskiya. Bangon ne ya gaji. Ba mu yi nisa ba gwangwanin ya yage, maratayi da katako da talabijin suka taho gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba kan Baba suka sauka ba, cinyar Baffa suka zaɓa. Haka mutumin da ya rantse ba zai haɗa ido da ita ba ya rungume ta har Malumfashi kamar jaririn suna.

A hanya Mati ya kira. "Kuna ina ne wai? Mun ci rabi, har da ɗoriya."

Na ce muna tafe. Ya ce jiya ma haka na ce. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma su ba masarar ubansu ake yanka ba.

Talata da yamma: Malumfashi

Muka sauka gidan yayata Hajiya Rabi. Na yi ta fama da ribas har na manna ƙofar ɗakin da bakin zaure, aka shigar da Baba cikin gida ba wanda ya gani. Ta kawo dambu da fura mai sanyi, ta tsaya a kanmu da ludayi a hannu.

"Funtua zuwa nan kwana biyu? Ko da jaki kuka zo ai da kun kai. Ku jefar da tsiyar nan ku kai tsoho gonarsa!"

Yaya ya ce ai mata ba su san harkar ƙarfe ba. Muka ja ɗakin sai wurin mai walda. Ya bi bango yana bugawa da guduma ƙarama, ko'ina kwas-kwas, sai da ya zo kan taga ya ji ƙarar da yake so.

"Alhaji, duk ɗakin nan babu ƙarfen kirki sai firam ɗin tagar nan. In gitta ƙarfe biyu a kai, in yi masa faranti, in liƙe maratayin da wuta. Ko rijiya kuka faɗa ba za ta motsa ba."

Yaya ya ce ga shi kuma daidai idon Baba, ba sai ya juya wuya ba. Muka dubi Baffa. Ya shafa goshinsa ya ce, "Ai da sauƙi. Sale ya riƙa ajiye motar yadda wurin ba zai kalli gabas ba." Maganar da na faɗa a Bakori ke nan, sai da ta bi ta goshi sannan ta shiga.

Babu wuta ran nan, sai Laraba da safe aka yi aikin. Mu uku, manya da gemu, muka tsaya muna gyaɗa kai ana liƙe taga, ni ne ma na riƙe ƙarfen. Kwana biyu kanmu na cikin noti da katako, har mun manta dalilin da ya sa aka sayi ɗakin. Sai da aka mayar da Baba kan gado, ya ɗaga ido ya kalli baƙin gilashi a inda ya bar sararin sama, sannan na gane ɓarnar da muka yi. Garin neman gira mun rasa ido.

Na ja Yaya gefe. Ya dafa kafaɗata ya ce kar in damu, akwai dabara.

Laraba: Ƙarfi

Daga Malumfashi ba nisa. Muka bar kwalta muka bi burji, muka bar burji muka bi hanyar shanu, taɓo na kama taya. Dab da azahar muka iso.

Gonar an yi mata aski. Ko'ina tarin kara ne da kututture, sai can kusurwar da ke kusa da tsamiya 'yan kunyoyi suka rage a tsaye, busassun ganyensu na ƙara in iska ta taɓa. Daga baya na ji Mati ne ya yi ta jan 'yan ƙwadago da fura da labari tun hantsi don kada su ƙarasa. Na ajiye ɗakin, tagar da babu tana kallon gona.

Yaya ya tayar da ƙaramin janareta, talabijin ta kawo shuɗin haske. Ya fito da wayarsa da wata igiya, ya durƙusa gaban gado.

"Baba, yanzu zan je in ɗauko maka ita a waya, in haɗa a nan. Za ka gan ta ƙatuwa, ta fi ta gaske fitowa."

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kasancewarsa ɗan fari. Ya dube shi.

"Kai wannan. Shekara biyu kuna kawo min ita a waya. Da hoton nake so ai da ban bar ɗakina ba." Ya numfasa. "Kashe injin nan, ina jin ganyenta."

Aka kashe. Ba abin da ake ji sai ƙarar ganye da muryoyin 'yan ƙwadago suna wasa lauje. Na duba waldar nan, ko da guduma sai an yini. Su kuma sun miƙe za su shiga kusurwar ƙarshe.

Baba ya ce, "Ku ɗauke ni."

Wallahi da ya zage mu ya fi min sauƙi. Abu ɗaya tsohon nan ya roƙa a tsare masa, mun yi kwana uku muna hidima har muka ƙwace shi. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Yaya ya ajiye wayar a ƙasa. Ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda, ya juya baya ya tsuguna, ni da Baffa muka ɗora masa Baba. Ashe babu nauyi ko kaɗan.

Mati yana bakin ƙofa, ya ga abin da ke shirin faruwa. Ya juya ya ɗaga murya.

"Jama'a, a ajiye lauje. Kowa ya juya ya kalli gabas!"

Ba wanda ya tambayi dalili. Mutum wajen ashirin suka ba mu baya, suka tsaya suna kallon daji. Yaya ya bi ta cikin kututture da Baba a goye, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo bai waiwaya ba. Muka shimfiɗa rigar shaddar a gindin tsamiya, muka jingina Baba da tarin kara, Baffa ya gyara masa hula, na rufe masa hannun hagu da gefen riga. Sai Mati ya yi gyaran murya.

Suka juyo, suka zube. "Barka da zuwa, Baba! Yaushe a gari? An zo lafiya?" Kai ka ce da ƙafarsa ya tako.

Ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar iyayensu da suna. Ya miƙa hannun dama ya kama kara, ya girgiza shi, ya karyo masara guda, ya ɓare da haƙori, ya ciji ƙwaya. Sai ya harari Mati.

"Wa ya yi shukar nan? Ta yi tazara. An bar ƙasa tana hamma."

Mati ya ce a yi haƙuri, baɗi za a gyara, yana dariya yana share ido da bakin riga. Baba ya zauna a nan har aka kai karan ƙarshe ƙasa. Da za mu koma da shi, ba sai da aka sake yi wa kowa magana ba.

Komawa gida

Mun baro Ƙarfi bayan la'asar. Ba wanda ya yi zancen maratayi, ba wanda ya tambayi gabas. Hanyar da ta ci mana kwana uku, sai ga mu a Funtua ana kiran magariba.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa mai masaukinmu na Bakori, da Hajiya Rabi wadda ta faɗi gaskiya aka ƙi ji, da Mati da mutanensa da suka san lokacin da ya kamata a ba mutum baya. Talabijin tana falon Yaya yanzu, a kan tebur. Maratayin kuwa yana nan liƙe a taga, mai walda bai yi ƙarya ba.

Da muka shigar da Baba ɗakinsa, Inna ta zo ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, ya hanya?"

Ya ce, "Ban gan ta ba, talabijin ta tare." Sai ya laluba aljihu, ya fito da masarar nan mai gurbin haƙorinsa, ya miƙa mata.